BABI NA UKU: JIGON BAUTA A LITTAFIN SHAIHU UMAR

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bitar samuwar ƙagaggun labarai na Hausa gaba ɗaya. A wannan babi kuwa za a taƙaita nazari ne a kan littafi guda, wato Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin a gano babban jigonsa da kuma hanyar da marubucin ya bi wajen isar da shi. Sau da yawa idan aka tambayi ɗalibi jigon wannan littafi, amsar da ke saurin fitowa ita ce haƙuri da yarda da ƙaddara, saboda tauraron labarin ya sha wuya tun yana yaro, daga baya kuma ya zama babban malami. Wannan nazari yana ganin cewa amsar ba ta cika ba. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, babban jigon littafin shi ne bauta da ɓarnar da take yi wa iyali, kuma marubucin ya gina wannan jigo ne ta hanyar jera tafiya biyu a kan hanya ɗaya, tafiyar ɗa da tafiyar uwa. A ƙarshen babin za a waiwayi fim ɗin da aka yi daga littafin.

3.1 Littafin da Marubucinsa

Littafin Shaihu Umar yana ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito sakamakon gasar ƙaga labarai da Dokta R. M. East ya shirya a shekarar 1933 a ƙarƙashin Hukumar Talifi da ke Zariya. Sauran huɗun su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East. An buga Shaihu Umar a shekarar 1934.

An haifi marubucin a shekarar 1912 a ƙasar Bauchi. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, sannan ya koma gida ya kama aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi. Ke nan lokacin da ya rubuta littafin bai wuce shekara ashirin da biyu da haihuwa ba. Daga baya ya shiga siyasa, ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957, ya riƙe wannan muƙami har zuwa juyin mulkin watan Janairun 1966 wanda a cikinsa aka kashe shi. A shekarar 1967 Mervyn Hiskett ya fitar da fassarar littafin zuwa Ingilishi.

Idan aka kwatanta shi da takwarorinsa, musamman Ruwan Bagaja da Ganɗoki, za a ga bambanci a fili. Waɗancan biyun sun jingina sosai da aljannu da abubuwan al'ajabi irin na tatsuniya da labaran Gabas. Shi kuwa Shaihu Umar ya tsaya a kan garuruwa sanannu, kamar Kano da Makarfi da Fatika, da kuma al'amuran da dattawan wancan zamani suka gani da idonsu. Wannan kusanci da zahiri shi ya sa dole mai nazari ya ɗauki batun bautar da ke cikinsa da muhimmanci.

3.2 Labarin a Taƙaice

Labarin ya buɗe ne a garin Rauta da ke kusa da Bauchi, inda wani mashahurin malami mai suna Shaihu Umar yake karantar da almajirai. Wata rana sai almajiran suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya shiga ba su tarihin rayuwarsa.

An haife shi a Kagara, kuma bai tashi ya san mahaifinsa ba domin ya rasu. Mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafaden Sarkin Kagara. Bayan wani hari da sarki ya tura domin kamo bayi, sai sauran fadawa suka ƙulla wa Makau sharri saboda hassada, suka ce ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo. Aka kore shi daga gari, ya je ya zauna a Makarfi. Kafin ta bi mijinta, mahaifiyar Umar ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun amana. A wannan tsakani ne aka sace shi. Kura ta cinye ɓarawon, amma yaron bai tsira ba, domin daga baya ya faɗa hannun maharan bayi, aka kai shi Kano wurin Gumuzu. A nan ne wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya same shi, ya tafi da shi Ber Kufa a ƙasar Masar, ya riƙe shi tamkar ɗan cikinsa. Umar ya yi karatu a wurin Shaihu Mas'ud har ya gaje shi.

Ita kuwa mahaifiyar, da ta ji an sace ɗanta sai ta bazama nemansa. A Kano wani mutum mai suna Ado ya yaudare ta da cewa zai sada ta da yaron, ya ƙetare hamada da ita, ta ƙare a matsayin baiwa a hannun wani Balarabe, ta sha azaba iri-iri. Bayan shekaru masu yawa Umar ya yi mafarkin da ya tayar masa da begen mahaifiyarsa, suka kamo hanya shi da Abdulkarim. Sun sadu da ita a kan hanya, amma ta riga ta ƙare, ba da jimawa ba ta rasu. Guguwar rairayi ta halaka ayarinsu a hamada har da Abdulkarim, Umar ya tsira, daga ƙarshe ya iso Rauta.

3.3 Babban Jigo

Hanya mafi sauƙi ta gane babban jigon labari ita ce a duba abin da ke motsa shi daga wani mataki zuwa wani. Wato a tambaya, wane abu ne idan aka cire shi labarin zai tsaya cik? A Shaihu Umar, idan aka cire bauta babu abin da zai rage. Harin kamun bayi ne ya jawo korar Makau. Korar Makau ce ta raba uwa da ɗanta. Kasancewar akwai kasuwar da za a sayar da yaro ita ta sa aka sace Umar. Cinikin bayi ne ya kai shi Masar, shi ne kuma ya kai mahaifiyarsa ga halaka. Saboda haka kowane kulli na labarin a kan bauta aka ɗaure shi.

3.3.1 Tushen Bauta a Cikin Gida

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne inda marubucin ya ɗora mafarin bala'in. Bai fara da Larabawa masu ayari ba. Ya fara ne da fadar Kagara, inda ake shirya hari a kan ƙauyuka kamar yadda ake shirya fita farauta, ana lissafin mutane kamar yadda ake lissafin dabbobi. Shi kansa Makau, wanda aka nuna shi a matsayin mutumin kirki mai gaskiya, maharin bayi ne. Laifin da aka ɗora masa shi ne ya ci amanar sarki a wajen rabon ganima, amma babu wanda ya ga laifi a kamun mutanen shi kansa. A nan akwai wata hikima ta marubucin: mutumin da ya fita ya wargaza iyalan wasu, kafin ya huta gajiya an wargaza nasa.

Haka kuma idan aka bi jerin waɗanda suka cuci Umar da mahaifiyarsa, za a tarar yawancinsu 'yan gida ne. Fadawan da suka yi ƙulli, da ɓarawon yaro, da Gumuzu, da Ado, duk mutanen ƙasa ne. Balarabe yana zuwa ne a ƙarshen sarƙa, ya sayi abin da aka riga aka kawo kasuwa. Wannan hoto ya dace da abin da tarihi ya tabbatar. Heinrich Barth, Bajamushen matafiyi wanda ya taso daga Tarabulus ya biyo ta Murzuk da Agadas ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa bayin da ake fitarwa daga Kano a shekara sun kai kimanin 5,000, ban da waɗanda ake riƙewa a cikin ƙasa. Ciniki mai wannan girma ba zai yiwu ba sai da maharan gida da dillalan gida da fatomomin gida.

3.3.2 Tafiyar Ɗa da Tafiyar Uwa

Abu na biyu, wanda shi ne ƙashin bayan wannan nazari, shi ne yadda aka zuba labarin. Mutum biyu ne suka bar ƙasar Hausa ta Kano, suka ƙetare hamada ɗaya, kowannensu ba da son ransa ba ko kuma bisa yaudara. Ɗaya ya faɗa hannun ubangida mai tausayi, ya sami gata da ilmi da daraja. Ɗaya kuma ta faɗa hannun mugu, ta rasa 'yancinta da lafiyarta, daga ƙarshe ta rasa ranta.

Idan mai karatu ya bi sawun Umar kaɗai, zai iya fita da fahimtar cewa bauta ba ta da muni ƙwarai, tun da ga wanda ta mayar shaihi. Tafiyar uwar ce take rushe wannan fahimta. Babu wani hali na kirki da Umar yake da shi wanda mahaifiyarsa ba ta da shi. Hasali ma ita ce ta fi nuna jarunta, domin Umar ɗaukarsa aka yi ta yi daga hannu zuwa hannu yana yaro, ita kuwa da ƙafarta ta bar danginta da mijinta ta shiga duniya neman ɗanta. Abin da ya bambanta ƙarshensu shi ne halin wanda ya mallake su, kuma babu ɗayansu da ya zaɓi ubangidansa. Wato ke nan a tsarin bauta, rayuwar mutum gaba ɗaya ta rataya ne a kan sa'ar wanda ya saye shi. Kirkin Abdulkarim nasa ne shi kaɗai, bai wanke cinikin da ya kawo shi Kano ba.

Bugu da ƙari, akwai batun jinsi. Hanyar da Umar ya bi ya ɗaukaka, wato zama ɗan riƙo, da shiga makaranta, da gadon malami, hanya ce da ta buɗe wa yaro namiji. Babbar mace da aka kai baƙuwar ƙasa, ba ta jin harshen mutanen, ba ta da wani nata, ba ta da irin wannan ƙofa. Ya kamata kuma a tuna cewa ita 'ya ce, Musulma, wadda shari'a ba ta halatta a bautar da ita ba. Ƙorafin bautar da 'ya'ya Musulmi tsohon ƙorafi ne a wannan yanki, domin tun a farkon ƙarni na 17 Ahmad Baba na Tambutu ya yi rubutu a kansa, kuma malaman jihadin 1804 sun sake tayar da shi. Abin da ya sami mahaifiyar Umar ya nuna cewa matuƙar kasuwar tana ci, dokar da ta ce wane ne ya halatta a sayar ba ta kare marar gata.

Saduwarsu a ƙarshe ita ce ƙololuwar labarin. A tatsuniya, idan uwa da ɗa suka rabu, saduwarsu kan zama mafarin jin daɗi. A nan kuwa marubucin ya hana mai karatu wannan sanyi. Umar ya iso da ilminsa da darajarsa, amma babu abin da suka iya yi mata. An jera ribarsa da hasararta a wuri ɗaya domin mai karatu ya auna da kansa.

3.4 Muryar Mai Ba da Labari

Tambayar da za ta biyo baya ita ce, in har haka ne, me ya sa masu karatu da yawa suke fita da jigon haƙuri? Amsar tana cikin salon bayar da labarin. Shaihu Umar ne da kansa yake magana, yana dattijo, yana zaune a gaban almajiransa. Matsayinsa na malami ya tsara masa irin harshen da zai yi amfani da shi. Ba ya zagi, ba ya kuka, ba ya tsayawa ya yi dogon sharhi a kan muguntar wani. Yana faɗin abin da ya auku cikin natsuwa, ya mayar da al'amari ga Allah, ya wuce. Wannan murya ce take cika kunnen mai karatu, har ta kan rufe nauyin abin da ake faɗa.

Sai dai akwai wani abin lura a nan. Umar yana ba da labarin abubuwan da bai gani ba, kamar ƙullin da aka yi wa Makau a fada lokacin yana ƙaramin yaro, da wahalar da mahaifiyarsa ta sha lokacin yana Masar. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin rauni a tsarin littafin, irin wanda ba a rasa shi ga sabon marubuci. Ana kuma iya cewa daga bakin mahaifiyar ya ji su a ɗan zaman da suka yi. Ko wanne aka ɗauka, abin da ya fito fili shi ne marubucin ya ga wajibi ne labarin uwar ya shiga, ko da hakan zai sa mai ba da labari ya fita daga iyakar abin da ya shaida. Almajirai asalin malaminsu kawai suka tambaya. Da manufar ita ce a nuna yadda haƙuri ke kai mutum ga ɗaukaka, da tafiyar Umar ta wadatar.

3.5 Matsayin Haƙuri da Ƙaddara

Wannan bayani ba ya nufin babu haƙuri da ƙaddara a littafin. Suna nan, kuma suna da ƙarfi, amma a matsayin ƙananan jigogi. Makau ya karɓi kora ba tare da tayar da fitina ba. Umar ya tsira daga kura, ya tsira daga guguwar hamada, alhali waɗanda suka fi shi ƙarfi sun halaka, abin da ke nuna cewa wanda kwanansa bai ƙare ba babu mai kashe shi. Hassada ma ƙaramin jigo ce, haka nan darajar ilmi.

Abin da ya kamata a bambance shi ne, haƙuri a littafin hanya ce da taurari suke bi su jure abin da ya same su, ita kuwa bauta ita ce abin da ya same su ɗin. Hausawa kan ce mahaƙurci mawadaci, kuma rayuwar Umar ta gaskata haka. Amma mahaifiyarsa ma ta yi haƙuri na shekaru, ba ta wadata da komai a duniya ba face ganin ɗanta sau ɗaya kafin ta cika. Duk nazarin da ya ɗauki haƙuri a matsayin babban jigo, tilas ne ya yi shiru a kan wannan mata, kuma yin haka barin rabin littafin ne.

3.6 Zamanin da Aka Rubuta Littafin

Sanin lokacin da littafin ya fito yana ƙara haske a kan dalilin da ya sa marubucin ya zaɓi murya mai sanyi. Labarin ya faru ne a ƙarshen ƙarni na 19, dab da zuwan Turawa. A shekarar 1901 gwamnatin Lugard ta yi shelar cewa duk yaron da aka haifa daga watan Afrilun wannan shekara ɗa ne, ta kuma haramta hari da cinikin bayi. Bayan cin Kano a 1903 aka rufe kasuwar bayin birnin. Amma waɗanda suke bayi tun kafin shelar ba a 'yanta su kai tsaye ba, da yawansu sai da suka fanshi kansu ta hanyar murgu. Ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Nijeriya ta Arewa ba sai a 1936.

Ke nan a 1934 da littafin ya fito, bauta ba ta zama tsohon labari ba tukuna. Akwai tsofaffin maharan da ransu, akwai iyayen gida, akwai kuma waɗanda aka sato suna yara ba su san garinsu ba. Littafin kuma an yi shi ne domin makarantu, waɗanda ke ƙarƙashin kulawar sarakuna da Turawa, kuma 'ya'yan masu sarauta suna da yawa a cikinsu. Matashin malamin makaranta da ke son ya taɓa wannan batu yana bukatar taka-tsantsan. Sanya labarin a bakin shaihi mai daraja, wanda babu mai zarginsa da neman fitina, ya ba marubucin damar ya nuna fada tana harin mutane da fadawa suna ƙulla ƙarya ba tare da an ce ya ci mutuncin kowa ba.

3.7 Daga Littafi Zuwa Fim

Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da littafin wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗinsa da harshen Hausa, wanda aka nuna a lokacin bikin FESTAC na 1977 a Legas. Fim ɗin ya daɗe ba a ganinsa, sai da aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon cibiyar Arsenal ta Jamus, aka sake nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Fim ɗin ya riƙe tsarin littafin na buɗewa da malami da almajiransa. Amma akwai bambanci na asali tsakanin karatu da kallo wanda ya shafi jigo. A littafi, duk abin da mai karatu zai sani sai ya biyo ta bakin Shaihu, ya ɗauko natsuwarsa. A fim kuwa, da zarar an bar zauren karatu an koma baya, mai kallo yana ganin mutanen ne da idonsa, babu dattijon da zai tsaya tsakaninsa da abin da ke faruwa. Abin da jimla ɗaya za ta faɗa ta wuce, hoto sai ya nuna fuska da jiki da tsawon hanya. Don haka kwatanta littafin da fim ɗin hanya ce mai amfani ga ɗalibi wajen rarrabe abin da labarin ya ƙunsa da kuma muryar da aka ba da shi da ita.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an yi ƙoƙarin nuna cewa babban jigon Shaihu Umar shi ne bauta da yadda take tarwatsa iyali, haƙuri da ƙaddara da hassada da darajar ilmi kuwa ƙananan jigogi ne da suke tallafa masa. An kafa hujja da abubuwa uku: kowane mataki na labarin bauta ce ta haifar da shi, marubucin ya fara da masu hannu a cikinta na gida, sannan ya jera tafiyar ɗa da ta uwa domin kada ɗaukakar Umar ta rufe hasarar mahaifiyarsa. An kuma nuna cewa sanyin muryar mai ba da labari ya samo asali ne daga matsayinsa na malami da kuma yanayin shekarun 1930. A babi na gaba za a dubi salo da sarrafa harshe a littafin, musamman yadda aka gina jimloli da yadda aka siffanta taurari.